Tasi'u Ya Zaɓo Siririya

Duk wanda ya san Tasi'u ya san motarsa, da yawa ma motar suka fara sani kafin su san mai ita. Wata 'yar ƙaramar mota ce ja mai ƙofa biyu, a ƙasa take ƙwarai kamar ta tsuguna gaisuwa ta manta ba ta tashi ba, idan kuwa ya tashe ta da safe sai kajin maƙwabta su watse. Shi ma'aikacin banki ne a Kano, ya ba talatin baya, kuma a gaskiya ba shi da mugun hali. Ba ya shaye-shaye, ba ya cin naman mutane, yana gaida manya. Ciwonsa ɗaya ne: idan aka kuskura aka ambaci mota a gabansa, to hira ta ƙare, saura karatu. Abokansa na majalisa har sun ƙware wajen kauce wa kalmar. Wanda motarsa ta lalace sai ya ce ƙafarsa ce ba lafiya, ya gwammace a yi masa sannu a kan ƙarya da ya zauna sauraron Tasi'u har la'asar.

Ana nan sai Allah ya haɗa shi da Saudatu, wata ma'aikaciyar jinya mai hankali da fara'a, wadda ita kaɗai aka taɓa gani ta saurari bayanin inji daga farko har ƙarshe ba ta yi hamma ba. Tasi'u ya kamu, kamu na gaske, har ta kai idan ta kira shi yana wanke mota yakan ajiye soson ya amsa. Wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyayenta sun ga yaro mai sana'a da ladabi, ba su ƙi ba, sai dai mahaifin ya gaya masa gaskiya cewa maganar ba a hannunsa take ba. Tun daga yaye, kakarta ta wajen uba, Iya Delu, ta ɗauki Saudatu ta tafi da ita ƙauyensu Kwarin Gauta, ita ta raine ta har ta gama sakandare. Saboda haka duk wanda tsohuwar ba ta yi na'am da shi ba, ko ranar turo magabata ba za a sa masa ba.

Kuma ba barazana ba ce, don an ga aikinta. Wani ɗan gayu ya je gaishe ta da baƙin tabarau a fuska, ta ce ita ba ta ba da 'ya ga wanda ba ta ga ƙwayar idonsa ba. Wani kuma wayarsa ta yi ƙara tana cikin yi masa magana, ya ɗaga ya amsa, ta jira ya gama tsaf sannan ta ce ya tashi ya je ya auri mai kiran. Duk Saudatu ta ba Tasi'u waɗannan labarai, ta kuma roƙe shi abu ɗaya, ya aro motar yayansa mai tudu, domin daga inda kwalta ta ƙare zuwa garinsu, a tsakiyar damina irin wannan, hanyar sai a hankali. Tasi'u ya yi murmushi irin na malamin da ɗaliba ta yi wa gyara. Ya ce shi ba zai je neman aure da motar aro ba, yadda yake haka zai je tsohuwa ta gan shi. Abin da kawai ya rage, in ji shi, tayoyin ne suka suɗe, kuma kafin ranar zai sa sababbi.

Daga nan fa 'yan majalisa suka shiga uku. Duk sararin da ya samu a ofis yana kan waya, yana kallon Turawa suna tsere a kan titunan da ko tsinke babu, yana karanta abin da masana suka ce a kan wace taya ta fi riƙe kwana, wacce ta fi tsayawa idan an taka birki, wacce ke ƙugi, wacce ke tafiya shiru. Da yamma sai ya zo ya juye musu. Ya koya musu cewa lambobi da haruffan nan na gefen taya ba ado ba ne, akwai na faɗi, akwai na tsayin gefe, akwai harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka, har ranar haihuwarta a rubuce take. Ya ce roba iri-iri ce, akwai mai tauri da ke daɗewa amma ba ta san daɗin titi ba, akwai mai laushi da ke manne wa kwalta kamar danƙo. Abokinsa Mudi, wanda tun suna firamare yake haƙuri da shi, ya ce shi a iya saninsa taya baƙa ce kuma zagayayya, idan ta cika waɗannan biyun ya gode Allah. Tasi'u ya dube shi da tausayi, ya ce irin wannan tunanin ne ya hana ƙasar nan ci gaba.

Da ya ga karatu ya nuna, sai ya nufi layin masu taya, shagon wani Ɗan'azumi. Shi Ɗan'azumin nan ɗan kasuwa ne na asali, irin wanda idan ka ce masa rana daga yamma take fitowa zai ce shi ma kwanan nan ya fara lura. Kallo ɗaya ya yi wa jar motar da agogon hannun mai ita ya jawo kujera ya kakkaɓe, ya kawo ruwan sanyi. Ya fara mirgino wata mai kauri, mai zurfin zane, ya ce wannan ita direbobin haya ke rububi, a bi rami da ita a bi dutse, sai mutum ya gaji da ganinta. Tasi'u ko taɓa ta bai yi ba, ya tambaya ko an ga an rubuta tasi a jikin motarsa. Ɗan'azumi ya ce Allah ya huci zuciyarsa, shi ma dama gwada shi yake yi. Ya kawo 'yan Kwatano, waɗanda aka ɗan taka a Turai aka sauke. Tasi'u ya tsuguna ya karanta ranar haihuwarsu, ya ce waɗannan ai sun isa a sa su makaranta. Ɗan'azumi ya rantse cewa shi ma ba da son ransa suke zaune a shagonsa ba.

Sai ya rage murya, ya ce akwai wasu a ƙuryar shago da ba kowa yake nuna wa ba. Ya fito da su a naɗe cikin leda. Masu faɗi ne, amma gefensu siriri, da ƙyar ya raba ƙarfen wili da ƙasa, zanen kuwa a karkace kamar an yi musu kitso. Tasi'u ya danna farce a robar ya ji ta nutsa, ya kai hanci ya shaƙa, ya duba harafin gudu ya ga wanda yake mafarki. Gudun da harafin nan ya yi alkawari, babu titin da za a yi shi a kai daga nan har bakin teku, amma wannan bai dame shi ba.

Ɗan'azumi, don kada gobe a ce bai faɗa ba, ya ce, "Ita dai wannan 'yar kwalta ce, ranka ya daɗe. Ba ta saba da wahala ba."

"Shi ya sa nake son ta," in ji Tasi'u.

Ciniki bai yi tsawo ba, don mutumin da ya rungume taya yana shafa ta ba shi da bakin neman ragi. Aka ɗaura guda huɗu, aka daidaita su, tsofaffin kuwa ya ce a yi yadda aka ga dama da su. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai majalisa, ya tashi kowa daga kan benci ya ce a zo a gani. Mudi ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya tambaya ina sauran tayar, don shi abin da yake gani kamar an shafa wa wili baƙin fenti ne. Duk da haka, da yake abokin kirki ne, ya ce zai raka shi ƙauyen, ba a zuwa irin wannan gaisuwa mutum ɗaya, ko ba komai a sami mai taka maka ƙafa idan baki ya fara zamewa. Tasi'u ya ce da ya so, amma kujerun motar biyu ne, kuma ɗayar ta tsarabar tsohuwa ce, goro da sabulai da turmin atamfa da katan ɗin madara. Tayar safaya ma cire ta ya yi ya ajiye a gida, wai don a sami wurin buhun shinkafa, ga shi kuma ya karanta cewa nauyi yana rage gudu.

Ranar Asabar ya ɗau wanka, farar shadda sabuwar ɗinki, hula ta zauna daidai, turare har titi. Kuma a ba shi haƙƙinsa, muddin ana kan kwalta tayoyin nan sun yi duk abin da aka ce suna yi. Motar ta kwanta a titi, ya sha kwana ko gezau ba ta yi ba, ya taka birki ta tsaya cak. Ya riƙa wuce manyan motoci yana jin tausayin masu su, har ya fara tsara yadda zai ba Mudi labari.

Sai kwalta ta ƙare. An tafka ruwa kafin ranar, hanya ta zama ramuka cike da jan ruwa, ba ka sanin mai zurfi sai ka shiga. Tasi'u ya rage gudu, yana kauce-kauce yana addu'a, cikin motar na gogar ƙasa, shi kuma yana jin abin har cikin haƙoransa. Wani rami da ya raina ashe da dutse a bakinsa. Ƙarar da ya ji ta sa ya yi salati. Ya fito yana tattare riga, ya ga tayar gaba ta hannun dama ta fitar da wani ƙullutu a gefe kamar ƙwan agwagwa. Ya tsaya yana kallonta, ransa ya ɓaci ƙwarai, don ko 'yan gashin robar nan na sabunta ba su gama kakkaɓewa daga jikinta ba.

Ya lallaɓa a haka har ya iso kwarin da garin ya samo sunansa, ana hango rufin gidaje. Nan ne tayoyin da aka yi don manne wa kwalta suka haɗu da laka. Suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna feshi, gudun nan da harafi ya yi alkawari duk a nan suka yi shi, motar kuwa ko motsi. Ya fito zai duba, takalmi ya nutse, farar shadda ta koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa.

Wani magidanci da ke dawowa daga gona da amalanken shanu ya tsaya, ya yi sallama, ya zagaya motar yana riƙe da haɓa. Ya nuna ƙullutun da sandarsa ya ce, "Alhaji, ai tayarka ta yi ciki." Haka ake cewa idan taya ta kumbura a gefe, kuma Tasi'u ya san da haka, sai dai bai taɓa jin kalmar ta yi masa zafi irin na ranar ba. Aka ɗaura igiya, bijimai suka ja. Haka Tasi'u ya shiga Kwarin Gauta, yana zaune riƙe da sitiyari yana kallon wutsiyoyin shanu, mutanen gari sun fito ƙofar gida suna yi masa barka da zuwa da fuskokin da ba su ɓoye komai ba. Kafin ya kai gidan Iya Delu labari ya riga shi shiga, har da ƙari.

Aka ba shi buta ya wanke abin da zai wanku, aka yi masa iso. Iya Delu 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, tana zaune kan tabarma a rumfa tana tsinkar zogale a faifai. Matan gida da na maƙwabta sun cika tsakar gida, kowacce ta ƙirƙiro aikin da zai zaunar da ita kusa, wata tankaɗe, wata daka, wata wanke kwanon da aka riga aka wanke. Saudatu, da ta riga shi zuwa tun ranar Juma'a, tana cikin ɗaki bayan labule, ana hango yatsun ƙafarta.

Abin mamaki, Tasi'u ya yi ƙoƙari. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa, waya a kashe, ido a fili. Ya gaishe ta, ya tambayi damina, ya tambayi ciwon ƙafa, ya shanye furar da aka kawo bai yatsina fuska ba. Da ta tambayi asalinsa ya jero mata kakanni ba gargada. Tsohuwa ta duba tsaraba ta sa albarka, ta fara kiransa angonta, tana tsokanarsa wai ta ga ya zo da ƙunshi a ƙafa tun ba a sa rana ba. Mata suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ji wani sanyi a ransa, ya ce a zuci an wuce wurin. Da a nan ya yi sallama ya tashi, da yanzu wani labarin ake bayarwa. Amma Saudatu, da ta gargaɗe shi a kan tabarau da waya, ta manta ba ta gargaɗi kakarta a kan kalma ɗaya ba.

"Angona," in ji tsohuwar, "wai me ya sami motar taka ne, aka ce shanu ne suka kawo ka?"

Aka ji wani ɗan tari daga bayan labule, amma Tasi'u bai ji ba. Ya gyara zama, fuskarsa ta washe, kunyar laka duk ta tafi. Ya ce motar lafiyarta ƙalau, matsalar taya ce, ita ma ba don ba ta da kyau ba, hasali ma a duk Kano da wuya a sami irinta. Ya faro daga yadda ake haɗa roba. Tsohuwa ta bar shi ya yi nisa tana tsinkar zogalenta, sannan ta tambaye shi ko wani ne ya zaɓa masa ita.

"Ni na zaɓe ta da kaina, Iya. Na daɗe ina bincike. An nuna mini wasu da yawa, ban tsaya ba sai a kanta."

"Me ka gani a jikinta?"

"Siririya ce, Iya, ga laushi, ga kyan gani. Duk inda na tsaya da ita sai an kalle ni."

Ta ce to madalla, amma ita a saninta abin da za a daɗe tare da shi ƙarko ake duba masa. Tasi'u ya yi dariyar masana. Ya ce ai masu ƙarkon suna nan birjik, an ma kawo masa wata mai kauri mai jure wahala, ko kallo ba ta ishe shi ba, irin waɗannan sai 'yan haya. Shi ba ƙarko yake nema ba, daɗi yake nema. Mai tankaɗe ta ajiye rariya ta gyara zama.

"To idan ta kwana biyu fa, ta fara tsufa?"

"Ai irin wannan ba a jira ta tsufa, Iya. Da ka ga ta fara gogewa sai ka sauke ta ka ɗora sabuwa. Ni ba na wuce shekara da guda."

Tarin bayan labule ya ƙaru, har wata ta tashi ta kai ruwa. Tsohuwa ta tambayi inda waɗanda ya sauke suke. Ya ce wallahi bai sani ba, a can ya baro su ko waiwaye bai yi ba, wataƙila masu babbakar ganda sun kwashe, ko a yanka a yi guga. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai jin wa'azi.

"Na ji an ce wannan ta yanzu har ta yi ciki a hanya."

"Ta yi, Iya, abin da ya ɓata mini rai ke nan. Kuma irinta da zarar ta yi ciki shi ke nan, ta tashi daga aiki, ba ta da sauran amfani. Ina komawa gida zan yar da ita in nemi wata."

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Sai a lokacin Tasi'u ya ɗaga kai ya ga idanun mata duk a kansa, ya dubi labule ya ga babu kowa a bayansa. Maganganunsa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Tsoro ya kama shi na gaske, don ƙiri-ƙiri ya ga Saudatu tana suɓuce masa, kuma da bakinsa.

"Iya, don Allah kada a juya mini magana. Taya fa nake nufi. Maganar taya muke yi."

Tsohuwa ta dube shi a natse, daga hula har ƙafa.

"Na sani, ɗan nan, kunnena ƙalau. Ita ma baiwar Allah da tana da kaka, da ba ka same ta ba."